Bayan Takardar Sallama: Wane Kwas Ma'aikacin Banki Zai Shiga?

ABUJA. Duk wanda ya san Abuja ya san dogon benen nan na Babban Bankin Nijeriya da ke tsakiyar birni. Shekara da shekaru, in aka ce ɗan wane ya sami aiki a cikinsa, to, a garinsu akan ɗauka shi da talauci sun raba hanya ke nan. Shekarar 2024 ta rushe wannan zato. Tsakanin Maris da Mayu na shekarar, a ƙarƙashin Gwamna Olayemi Cardoso, bankin ya sallami ma'aikata fiye da 200, har da daraktoci. A watan Disamba kuma sai ga wani shiri na ajiye aiki tun lokaci bai yi ba, wanda ya kwashe mutum wajen 1,000, aka ware fiye da Naira miliyan dubu 50 don biyansu. Bankin ya ce ba wanda aka tilasta wa. Majalisar Wakilai dai sai da ta kafa kwamitin bincike, wasu 33 daga cikin waɗanda aka sallama da fari kuwa suka garzaya Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ba a Babban Banki kaɗai abin ya tsaya ba. Ran 3 ga Yuni 2024 aka soke lasin bankin Heritage, aka danƙa shi ga hukumar inshorar ajiya, watau NDIC, don ta sayar da kadarorinsa. Ma'aikatansa suka wayi gari ba aiki, ga shi kuma doka ta sa masu ajiya a gaban kowa wajen biya. Kafin wannan, a ƙarshen Maris 2024, an umarci bankuna su ƙara jari: Naira miliyan dubu 500 ga mai hulɗa da ƙasashen waje, miliyan dubu 200 ga mai aiki a duk faɗin ƙasa, miliyan dubu 50 ga na yanki, aka sa musu wa'adin 31 ga Maris 2026. Wanda ya daɗe a aikin banki ya san abin da ke bin irin wannan umarni. Bankuna biyu in sun haɗe, ba a bukatar manaja biyu a titi ɗaya.

Mai karatu da ke Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan, ko Fatakwal, watakila ya ce ina ruwansa da 'yan kwat da lakatayen Abuja. Da ruwansa kuwa. Albashin ma'aikacin banki ɗaya a Arewa yakan riƙe gidaje uku ko huɗu, in ya yanke, wayar da za a buga ta neman kuɗin makarantar yara, ɗan'uwan da ke Kudu za a bugo wa. Ban da haka, hedkwatar kusan dukan manyan bankunan kasuwanci a Legas take. Babban Bankin da kansa, a Janairu 2024, ya mai da wasu sassansa Legas, har da sashen da ke sa ido a kan bankuna, ƙungiyar ACF da wasu sanatocin Arewa suka yi ta ƙorafi, tsohon Gwamnan bankin, Muhammadu Sanusi II, ya ce matakin daidai ne. Saboda haka wanda ya rasa aiki a Abuja, in dai banki yake son komawa, da wuya bai sauka a tabarmar wani ɗan'uwa a Legas ba. Gara mai masaukin ya san shawarar da zai ba baƙonsa.

Wannan ba shi ne karo na fari ba. A 2004 Gwamna Charles Soludo ya ɗaga jarin banki daga Naira miliyan dubu 2 zuwa miliyan dubu 25, kafin ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. A nan ne Bankin Arewa, mai dogon bene a Kano, ya narke tare da wasu takwas aka sami Unity. A Agusta 2009 aka tuɓe shugabannin bankuna biyar rana ɗaya, rage ma'aikata ya biyo baya. A kusan kowane babban gari na Arewa akwai wanda aka sani ya fito a ɗaya daga cikin waɗannan lokuta da kuɗin sallama mai kauri, ya sayi motocin haya, ko ya gina gidan kaji, bayan shekara biyu ba motar, ba kajin. Ganin haka ne ya sa na yanzu da yawa suka ce su kwas za su shiga. Tunanin yana da kyau. Amma kwas ma yana cin kuɗi kamar yadda kaji ke cin dusa, in ba a zaɓa da lura ba.

Masu sayar da kwas kuwa sun ji ƙanshin kuɗin. A Wuse, da Garki, da Utako, ga alluna nan barkatai, a cikin waya kuma tallan ya fi haka yawa: mako shida ka zama gwanin kwamfuta, wata uku ka sami aikin da ake biya da dala. Mutumin da ya saba fita ƙarfe bakwai na safe, yau ga shi zaune a gida yana kallon bango, maƙwabta suna tambaya ko hutu ya ɗauka, shi ne ya fi kowa saurin biya, don ko ba kome ya sami wurin zuwa da abin faɗa.

LISSAFI KAFIN RAJISTA

Tun kafin maganar makaranta akwai takarda ɗaya da ta fi kowane satifiket daraja, ita ce takardar sallamar kanta. Dokar bankuna ta hana banki ɗaukar wanda aka taɓa kora saboda zamba ko rashin gaskiya, Babban Banki kuma yana da littafin da ake rubuta sunayen irin waɗannan. Wanda aka sallama don rage ma'aikata lalle ne ya tabbata takardarsa ta faɗi haka ƙarara. In ya bar ta a dunƙule, zai iya kashe miliyoyi a kan karatu, ranar ganawar ɗaukar aiki a tsaya a kan layi ɗaya na wannan takarda.

Sa'an nan kuɗin. Abin da aka rubuta a takarda ba shi ke shiga hannu ba, gama banki yakan fara cire bashin mota da na gida da ya ba ma'aikacinsa. Abin da ya saura shi zai biya hayar shekara, ko da an tashi daga Gwarinpa an koma Kubwa, ko Lugbe, ko Mararaba. A Disamba 2024, watan da mutum dubun nan suka fita, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga. Watau kuɗin da aka ajiye ƙarƙashin matashi yana zagwanyewa kamar kitse a rana. Dokar Fensho ta 2014 ta yarda wa wanda bai kai shekara 50 ba, in ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, ya ciri kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusun fenshonsa. Da yawa da wannan suke biyan kwas. Amma fa guzurin tsufa ne aka taɓa, sai a tabbata kwas ɗin zai mai da shi.

Kuma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Daraktan da ya fito daga Babban Banki da shekara 55 ba kwas yake bukata ba, sanayya da sunan da ya tara su za su kawo masa kujerar ba da shawara. Ƙididdigar hukuma ta ƙarshen 2020 ta nuna ma'aikatan bankuna wajen dubu 95 ne, fiye da kashi 40 cikin ɗari kuwa 'yan kwantiragi ne, watau kashiyoyi da masu yawon neman ajiya waɗanda wani kamfani dabam ya ɗauko wa banki. Su in an sallame su, kuɗin sallamar bai taka kara ya karya ba, ko ma babu. Wanda ke tsaka mai wuya shi ne mai shekara 35 zuwa 45, mai mata da 'ya'ya, wanda ya wuce shekarun da bankuna ke ɗaukar sababbin ma'aikata, gama akasari ba su son wanda ya haura 26 ko 27, bai kuwa kai matsayin da za a neme shi da suna ba. Zaɓen kwas a kansa ya fi nauyi.

Wurin da aka fi fara dubawa shi ne Cibiyar Ƙwararrun Ma'aikatan Banki, CIBN. Tun 2012 Babban Banki ya fitar da tsarin da ya ƙayyade irin ilmin da ake so ga mai riƙe da wasu muƙamai a banki, takardar CIBN kuwa tana cikin waɗanda ake dubawa. Kuɗinta da Naira ne, ana iya karatun daga gida. Aibinta ɗaya: a cikin banki take da ƙarfi. Wanda ya yanke shawarar shi da banki har abada, ba ta da amfani sosai gare shi.

Takardar akanta ta fi ta faɗin fili. ICAN, wadda aka kafa a 1965, matakai uku ne jarrabawarta, wanda ya karanci akanta a jami'a akan ɗauke masa wasu darussa. Tana da wuya, ba a gama ta cikin gaggawa, amma kamfani, da asibiti, da makaranta, da ƙungiyoyin agaji da suka cika Abuja, kowa yana bukatar akanta. ANAN kuma tana da kwalejinta a Kwall kusa da Jos, ta fi karɓuwa a ma'aikatun gwamnati, wanda ke hangen aikin jiha ko na tarayya sai ya dube ta.

Akwai wata ƙofa da ta buɗe kwanan nan wadda bai kamata a raina ba, ita ce ta haraji. A Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu, aka sa Janairu 2026 ya zama lokacin fara aiki da manyan cikinsu, hukumar FIRS ta koma NRS. Duk sa'ad da doka ta sake, 'yan kasuwa sukan nemi mai fassara musu ita. Dillalan shanu, da masu tireloli, da manyan 'yan gwari na Mile 12, da yawansu miliyoyi ke ratsa asusunsu a wata, littafinsu kuwa a ka yake. Tsohon ma'aikacin banki mai jin Hausa, in ya haɗa da takardar cibiyar haraji ta CITN, ba sai ya jira wani ya ɗauke shi aiki ba, teburi da kujera biyu sun ishe shi farawa. Ga mutum mai shekara 40, wannan ta fi yawancin abin da ake talla a waya ma'ana.

Takardun waje, irin su ACCA ta Ingila da CFA ta Amurka, suna da kwarjini, ba a musu. Amma da fam da dala ake biya. A Mayu 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. CFA matakai uku ce, kowane mataki yana cin kusan dala 1,000 ko fiye, da karatun awa wajen 300, a matakin farko kuma waɗanda ke faɗuwa sukan fi masu ci yawa. Ayyukan da ke neman ta, na juya hannun jari da sarrafa dukiyar masu zuba kuɗi, a Legas suke, ba su da yawa kuma. Wanda ya yi shekara goma a kan kanta yana ƙirga kuɗi, in ya kama wannan hanya da kuɗin sallamarsa, shekara uku zai yi yana zubawa kafin ya ga ko akwai ruwa a rijiyar.

INDA AKE NEMAN MUTANE

Tambayar da ta kamata a fara yi ita ce wane ne ke ɗaukar mutane, me kuma ya tilasta masa ɗauka. Aikin da doka ta wajabta ya fi wanda yayi ya kawo daɗewa. A Fabrairu 2023 hukumar duniya mai yaƙi da halatta kuɗin haram, FATF, ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ake sa wa ido, ba a cire ta ba sai Oktoba 2025. A tsakanin nan, a Afrilu 2024, Babban Banki ya dakatar da OPay, da Moniepoint, da PalmPay, da Kuda daga buɗe wa sababbin mutane asusu, sai da suka ƙara tsaurara tantance masu hulɗa da su aka sake su a Yuni. Ma'anar wannan ita ce kowane banki da kowane kamfanin kuɗi na waya dole ya riƙe mutanen da aikinsu shi ne duba wane ne mai asusu, daga ina kuɗinsa ya fito, da kai rahoto ga hukuma. Wanda ya yi aiki a reshe ya riga ya san rabin wannan aiki da hannunsa, kwas ɗin cikawa ne kawai. Wanda ya fito daga sashen sa ido na Babban Banki kuwa, shi ya san abin da mai bincike ke nema in ya zo. Haka kuma Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa manyan kamfanoni su naɗa jami'in da zai kula da sirrin bayanan mutane.

Ɗaya fannin da Abuja ta yi wa Legas zarra shi ne banki marar ruwa. Jaiz, wanda ya fara aiki a Janairu 2012, da TAJ, wanda ya biyo baya a Disamba 2019, dukansu a Abuja hedkwatarsu take. Lotus ya buɗe a Legas a 2021. Gwamnatin Tarayya ta fara sayar da sukuk a 2017 da Naira miliyan dubu 100, ta ci gaba da yi, ana gina hanyoyi da kuɗin. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya ta musamman mai koyar da wannan fanni har zuwa digiri na biyu. Ɗan Arewa da ya taso da karatun zaure, wanda kalmomin murabaha da ijara da musharaka ba baƙi ba ne a kunnensa, ya fara tseren da rata. Da yawa ma dama sun daɗe suna aikin ruwa zuciyarsu ba ta kwanta ba. Sai dai a faɗi gaskiya, waɗannan bankuna ƙanana ne in an gwada da manyan na Legas, jarin da aka yanka wa mai aiki a duk ƙasa a cikinsu miliyan dubu 20 ne, kashi ɗaya cikin goma na takwaransa mai ruwa. Ba za su iya kwashe kowa ba.

Sai kwamfuta, wadda kowa ke ambato. Gaskiya ne na'urar cirar kuɗi da manhajar waya su suka cinye aikin kashiya. Amma ba kowane mai shekara 42 ne zai zauna ya koyi rubuta manhaja ya yi gogayya da yaro ɗan 22 da ba ya biyan haya ba. Abin da ya fi dacewa da tsohon ma'aikacin banki shi ne ɓangaren da ke zaune a kan abin da ya sani: nazarin alƙaluma, gano ma'amalar zamba, auna wanda ya cancanci bashi. Kafin ya biya ko kwabo, ya fara da na kyauta. Ma'aikatar Sadarwa, a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 don koya wa mutum miliyan uku irin waɗannan sana'o'i ba tare da biya ba. Akwai kuma cibiyar Digital Bridge ta hukumar NCC a Utako, mai rassa a Legas da Kano. In ya yi wata biyu ya ga kansa yana ɗauka, sa'an nan ya sa kuɗi.

Masu son ƙarin digiri, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa tana Jabi, kuɗinta da sauƙi, tana da cibiyoyi a jihohin Kudu, ana iya farawa a Abuja a ƙarasa a Legas. Amma digiri na biyu a harkar kasuwanci ya yi yawa a gari har ya daina bambanta mai shi da na kusa da shi.

Abin da za a guje wa kuwa, masu karatu na Legas sun fi kowa saninsa, tun da ta ƙofarsu ake bi a tafi Kwatano. A Disamba 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a can cikin mako shida, a Janairu 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da amincewa da takardun jami'o'in Benin da Togo. Wanda ya sayi irin wannan takarda, ya sayi abin da zai kore shi daga aikin da bai ma samu ba tukuna. Haka nan "kwas" ɗin cinikin kuɗin waje a waya, wanda ƙarshensa malamin zai ce a kawo jari ya juya. A Afrilu 2025 CBEX ta rufe da dukiyar dubban mutane. Sanin aikin banki bai taɓa hana mutum faɗawa irin wannan rami ba in ya matsu. Makarantar kirki za a sami sunanta a wurin hukumar jami'o'i ta NUC, ko ta NBTE, ko kuma doka ce ta kafa cibiyar. Mai niyyar biya ya nemi a nuna masa mutum uku da suka gama bara, ya ji inda suke aiki daga bakinsu.

Akwai masu cewa gara a koma gida. Binciken EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 cikin ɗari na manyan mutane a ƙasar nan ba su da wata hulɗa da harkar ajiya ko bashi, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kusa rabi. Fili ne babba ga ƙananan bankuna da wakilan POS, akwai kuma takardar da CIBN ke bayarwa wadda Babban Banki ke nema daga shugabannin ƙananan bankuna. Amma a tuna a Mayu 2023 an soke lasin ƙananan bankuna 179. Tsohuwar mafakar nan ta canji ma ta ƙuntata, tun da a Maris 2024 aka soke lasin kamfanonin canji 4,173, aka kuma ɗaga jarin ƙaramin cikinsu zuwa Naira miliyan 500. 'Yan Zone 4 na Wuse da na Broad Street sun san zafin wannan.

Duk wannan lissafi ma'aikaci shi kaɗai yake yinsa, da kuɗinsa, don Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago bai ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin koya wa wanda zai sallama wata sana'a ba. Abin da ya ce kawai a sanar da ƙungiyar ma'aikata, a fara da na baya-bayan shigowa, a yi ƙoƙarin daidaitawa a kan abin da za a biya. Alhali bankuna suna zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashinsu kowace shekara a Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, mai hedkwata a Jos. Ƙungiyoyin ASSBIFI da NUBIFIE, in sun zauna da bankunan da ke haɗewa, ya kamata kuɗin kwas da na jarrabawa ya shiga yarjejeniyar sallama a rubuce, a biya shi kai tsaye ga makaranta, a kuma sa 'yan kwantiragi a ciki, tun da su ne ake fara sallama kuma su ne ba su da wakili a teburin.